Ibrahim Narambaɗa, ɗan mutumin Filinge, da muryoyin da ke bayansa

A kasuwar Filinge ta ranar Lahadi, inda ake cinikin shanu da raƙuma da dawaki, da wuya a sami dattijon da bai taɓa jin muryar Ibrahim Narambaɗa ba. Shekara da shekaru rediyo yana kawo ta, daga baya kuma kaset ya shigar da ita cikin kantuna da motocin fatake. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan makaɗi da ake lissafawa cikin manyan mawaƙan fada na ƙasar Hausa ɗan mutumin Filinge ne. Sunan mahaifinsa Maidangwale. Daga ƙasar Kurfai ya tashi ya nufi gabas, ya yada zango a Tubali, wani gari na kusa da Shinkafi, ya yi aure a can, aka haifa masa ɗan da sunansa ya kai inda ƙafar uban ba ta taka ba.

Lokacin da Maidangwale ya yi wannan tafiya babu iyaka tsakanin Filinge da Tubali. Filinge tana cikin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a jihar Tilaberi. Kurfayawa Hausa suke ji, suna zaune tsakanin Zabarmawa da Abzinawa da Fulani. Mai tafiya gabas daga nan yakan ratsa Arewa da ƙasar Ƙonni ya faɗa Gobir ba tare da ya canza harshe ba. A 1898 Faransa da Ingila suka ja layi a takarda suka raba ƙasar, suka sake gyara layin a 1904 da 1906. Ingilishi sun ci Sakkwato a 1903. Ta haka ɗan ya yi rayuwarsa ƙarƙashin tutar Ingila, dangin ubansa kuwa suka zauna ƙarƙashin ta Faransa.

An haifi Ibrahim a Tubali wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifiyarsa Riba mutuniyar Badarawa ce, kuma ta wajenta kiɗa ya zo masa. A al'adar Hausa sana'a gadon uba ce: ɗan maƙeri ya hura zuga, ɗan mahauci ya riƙe wuƙa. Shi Ibrahim kotson dangin uwarsa ya ɗauka. Masu tarihinsa sun ce laƙabin Narambaɗa ya samo shi ne daga wata karya da ya taɓa kiwo mai suna Rambaɗa, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Kotso ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai siririn ƙugu kamar kalangu, amma baki ɗaya ake rufe masa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Ana rataya shi a kafaɗa, a kaɗa da yatsu, a matsa tsarkiyarsa don muryar ta hau ko ta sauka. Kayan sarauta ne, ɗan'uwan taushi da jauje. Amma Narambaɗa bai fara da fada ba. A gona ya fara, da kiɗan noma.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya, ko a Kurfai ko a Zamfara, ya san yadda abin yake. Samari sun jeru a kan kunya, makaɗi yana biye da su, yana kiran sunan wanda ya wuce gaba, yana tsokanar wanda aka bari baya. Waƙar ba ta da amfani in ba ta dace da faɗuwar hauya ba, kuma ba ta tsayawa in babu masu karɓa. Makaɗin da ya fito daga wannan makaranta ya riga ya san nauyin kowace kalma a bakin jama'a: wadda za su iya ɗauka cikin numfashi ɗaya, da wadda za ta sarƙe musu harshe. Da wannan sani Narambaɗa ya shiga fada.

Fadar da ta riƙe shi ita ce ta Isa. Ubangidansa shi ne Sarkin Gobir na Isa, Amadu, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. A nan akwai abin lura ga mai karatu na Nijar, domin ya saba jin Sarkin Gobir a Tsibiri ta kusa da Maraɗi. Bayan jihadi ya ci Alƙalawa a 1808, gidan sarautar Gobirawa ya yi ta fama har ya kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarautar Isa kuwa, ko da yake sunan ɗaya ne, tana hannun zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Makaɗin da zai yabi irin wannan sarki dole ya san jerin kakanninsa, ya san wanda ya gaji wani, ya san yaƙin da za a ambata da wanda ya fi kyau a yi shiru a kansa. Wannan aiki ya fi ƙarfin kai ɗaya.

To, ga yadda ƙungiyar makaɗin fada take. Akwai jagora, shi ne mai sunan ƙungiyar, shi ke fara waƙa, shi ke ba ta hanya. Akwai 'yan amshi, waɗanda a yamma ake ce wa 'yan karɓi, kuma a ƙungiyar kotso sau da yawa su ne ke riƙe da kayan kiɗan, suna kaɗawa suna rerawa. Akwai kuma sanƙira, mai ɗaga murya tsakanin ɗiyan waƙa, yana yi wa ubangida kirari, yana fayyace wa jama'a abin da aka nufa, yana shelar kyautar da aka bayar. Mafi yawansu dangi ne ko yaran gida, sun tashi tare, suna cin tuwo akushi ɗaya, suna noma gona ɗaya da damina.

Waƙar fada ba a fagen taro ake haihuwarta ba. A gida ake shirya ta, yawanci da dare bayan gari ya yi tsit, kwanaki kafin ranar da za a kai ta. Abin da ake fara nema shi ne gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa gare shi. Layi biyu ne ko uku, amma su ne ginshiƙi: a cikinsu ake sa babban kirarin sarki, kuma daga gare su ake samun karin da dukan waƙar za ta bi. Jagora yakan zo da shi, ya rera, 'yan amshi su karɓa, a gwada shi a kan kotso. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kotso yana bin wannan hawa da sauka kamar mai magana. In kalma ta ƙi zama a kan kiɗan, yatsun makaɗi ne za su fara faɗa, tun kafin kowa ya buɗe baki. Sai a canza ta, ko a juya jimlar, a sake gwadawa. Gindi ɗaya yana iya cin dare guda.

In gindi ya zauna sai a shiga ɗiya. Kowane ɗa yana da abin da ya ɗauko: wannan asalin sarki, wannan kyautarsa, wancan jaruntakar kakanni, wani kuma zambo ga abokan hamayya. A nan ne ake bukatar kunnuwa da yawa. Wani cikin 'yan amshi ya jiyo labari a kasuwa, wani ya ji abin da fadawa ke raɗawa a zaure, sanƙira ya san kirarin kowane basarake da kowane dogari. Kowa ya kawo nasa, jagora ya tace, ya zaɓa, ya ɗinka. Hukunci na ƙarshe nasa ne, ba a musun wannan. Amma ɗan amshin da ya shekara ashirin a bayan jagora yana da bakin da zai nuna cewa wannan layi ya yi tsawo, ko wannan magana an riga an yi wa wani sarki ita, ko wannan habaici ya fito fili da yawa.

Daga nan sai tilawa. Babu takarda, babu alƙalami. Ƙwaƙwalwar 'yan amshi ita ce littafin ƙungiya. Ana maimaita ɗa har ya zauna a bakin kowa, a ɗora wani a kansa, gobe da dare a dawo a bi daga farko. Abin da aka manta ya tafi ke nan, abin da ya tsaya shi ne waƙa. Saboda haka mantuwa ma tana da hannu a cikin aikin, don layin da ba shi da daɗi ba ya kwana a kan mutum biyar.

Shaidar wannan duka tana cikin muryoyin da aka ɗauka. Mai sauraro ya kasa kunne ga kowace waƙar Narambaɗa, zai ji jagora ya ɗauko ɗa, ya faɗi kalmomi kaɗan, sai 'yan amshi su tarbe shi su ƙarasa maganar baki ɗaya, wani lokaci su yi ta jan layi bayan layi kafin su koma gindi. A wurare da yawa abin da suke rerawa ya fi na jagoran tsawo. Masana waƙar baka suna kiran wannan ƙari, wato abin da 'yan amshi ke ƙarawa a kan maganar jagora, suna kuma bambanta shi da rakiya, inda suke bin muryarsa su raka shi zuwa gindi, da karɓeɓeniya, inda ake miƙa magana daga baki zuwa baki. Mutane da yawa ba su iya faɗin doguwar magana ɗaya, da kalma ɗaya, a numfashi ɗaya, sai in sun zauna sun shirya ta tun da wuri. Wannan shi ne babban abin da ya sa waƙoƙinsa suke da nauyi irin na rubutacciyar waƙa, ko da yake ba a rubuta su ba.

Ba kowane mawaƙi ke aiki haka ba. Alhaji Mamman Shata na ƙasar Katsina, wanda ya rasu a 1999, ya yi suna wajen ƙirar waƙa nan take. Amshinsa gajere ne, mutanensa su riƙe shi da kalangu, shi kuma ya yi ta zuba abin da ya zo masa, har in ya sake rera waƙar gobe sai a ji ta canza. Hanya ce mai wuya ita ma, amma dabam take. Makaɗan fada irin su Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da Aliyu Ɗandawo, da Sa'idu Faru, shiri suka fi dogara da shi. Dalili kuwa a fili yake. Mawaƙin jama'a in ya yi tuntuɓe a wannan gari gobe yana wani. Makaɗin fada gaban mutum ɗaya zai koma, ranar Alhamis da dare, da ranar salla, da ranar naɗi, har iyakar ransa.

Nan ne maganar zambo ta zama abin tsoro. Kowace sarauta tana da 'yan sarki da suka nema ba su samu ba, kuma aikin makaɗi ne ya ɗaga ubangidansa ta hanyar ƙasƙantar da su. Ba a kiran suna. Ana siffanta mutum ne da tafiyarsa, ko rowarsa, ko rawaninsa, ko a kamanta shi da wata dabba, yadda duk wanda ke fada zai gane, amma ba wanda zai iya kai ƙara. In an rufe da yawa zambon ya mutu, in an buɗe da yawa ya zama zagi. Ga shi kuma zamanin mulkin Ingilishi ne, lokacin da ake tuɓe hakimi a naɗa wani, wanda aka yi wa dariya bana yana iya zama mai gari baɗi. Kalma ɗaya tana iya jawo doki da riga, tana kuma iya jawo kora daga gari. Kuma in kora ta zo ba jagora kaɗai za ta shafa ba, har 'yan amshi da iyalansu. Don haka kowa yana da hakkin ya auna maganar kafin ta fita daga gida. Narambaɗa ya shahara da zambo mai kaifi, amma ya zauna a fadar Isa har ƙarshen ransa, abin da ke nuna cewa ma'aunin gidansa daidai yake.

Abin da aka samu kuma rabawa ake yi. Kyautar sarki takan zo da doki, ko riga da rawani, ko damman hatsi, ko kuɗi. Jagora ke ɗaukar babban rabo, saura a bi girma da daɗewa. Shi ne kuma ke ɗauke da nauyin aurensu da sunan 'ya'yansu da rashin lafiyarsu. Ɗan amshi ba ɗan ƙodago ba ne, almajiri ne mai jiran ranarsa. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da wansa kafin ya ja tasa ƙungiya, kuma da ya ja ta 'ya'yansa ne suka tsaya a bayansa. Haka sana'ar take wucewa daga hannu zuwa hannu.

Ban da ubangidansa, Narambaɗa ya yi wa waɗansu sarakuna da hakimai da alƙalai na ƙasar Gobir da Zamfara waƙa, a garuruwa irin su Shinkafi da Moriki da Zurmi. Makaɗin fada ba ya fita irin wannan yawo sai da iznin mai shi, kuma duk inda ya je sunan ubangidansa yana tafe da shi.

Waƙar da ta fi kowace suna ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu. Doguwa ce, ta haɗa yabon sarki da zambo da kirarin mawaƙin kansa. A cikinta ya kamanta waƙarsa da ta Alfazazi, malamin Andalus na ƙarni na 13 wanda ya wallafa Ishiriniya, littafin yabon Annabi da ake karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa. Ba ƙaramar magana ba ce makaɗi ya jera kansa da irin wannan malami a ƙasar Sakkwato, inda malamai suka daɗe suna kallon kiɗa da wutsiyar ido. Amma kamancen yana da tushe. Ishiriniya ginin layi ne a kan layi bisa awo ɗaya, ana haddace ta, ana rera ta cikin taro. Bakandamiya ma haka aka gina ta, sai dai ita allonta ƙirjin 'yan amshi ne. Sunan ya shiga harshe, har ya zama duk waƙar da ta fi sauran waƙoƙin mawaƙi ana ce mata bakandamiyarsa. Mai faɗin haka yakan tuna da mutum ɗaya. Mai gabatar da shiri a rediyo ma sunan mutum ɗaya yake kira, haka kuma ake rubutawa a bayan kaset. Amma in aka cire muryoyin da ke karɓa, abin da zai saura guntayen magana ne da ba su ƙarasa ba.

Harshen waƙoƙin kuma na yamma ne, irin wanda kunnen Bakurfaye ko Ba'are ko Ba'adare ba ya baƙunta. Inda Bakano zai ce suka, a nan sunka ake cewa, inda zai ce aka, a nan anka. Harafin f yakan koma h, shi ya sa a bakin mawaƙin da mutanensa sunan garin ubansa yake fita Hilinge. Ɗaliban Kano da Zariya sukan nemi mai yi musu fassarar waɗansu kalmomi, alhali tsoho a Shikal ko Tukunus yana jin su kamar hirar ƙofar gida.

Narambaɗa ya rasu wajen lokacin da Nijar da Najeriya suka sami mulkin kai, a farkon shekarun 1960. Ubangidansa ya rayu bayansa har 1975. Abin da aka ɗauka na muryarsa gidajen rediyo suka yi ta sakawa, musamman Rediyon Kaduna, wanda ake kamawa sosai a Nijar. Daga baya jami'o'i suka shiga nazarinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗan fada ya kuma tsara kalmomin da ake nazarin aikin 'yan amshi da su, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Iyakoki sun sake motsawa: tun 1996, da aka ƙirƙiri jihar Zamfara, Tubali da Badarawa suna cikinta, Isa kuwa ta zauna a jihar Sakkwato.

Akwai waƙa ɗaya da ta mai da sunan Filinge cikin bakin ƙungiyar. Ita ce Dokin Iska Ɗanfilinge, waƙar wani dokin sukuwa. Ƙasar Kurfai ƙasar mahaya ce tun ƙarni na 19, lokacin da dawakinta ke tsare dallol daga mahara, kuma a kan kira doki da sunan ƙasar da ya fito, kamar yadda ake kiran mutum. Narambaɗa ya yi wa dabbar abin da yake yi wa sarakuna: ya ba ta kirari, ya yabi gudunta, ya yi wa dawakin da ke karawa da ita zambo. Kalmar iska tana ɗauke da ma'ana biyu, wadda ke kaɗawa da wadda ke hawa kan mutum, kuma mutanen ƙasar da bori ya yi ƙarfi ba su bukatar a fayyace musu. Kiɗan yana tafiya da sauri kamar kofato, jagora ya jefa magana, 'yan amshi su cafe kafin ta faɗi ƙasa, su komo da ita gindi, inda sunan garin Maidangwale yake jiran su.